Marinar Ƙofar Mata da Hanyar Tasawa

Wanda ya shiga birnin Kano ta Ƙofar Mata, daga wajen filin Idi ya nufi Asibitin Murtala, ba zai rasa ganin wata katanga a bakin titi ba, da ƙofarta da rubutu a kanta. Rubutun na shaida wa mai wucewa cewa nan ce marinar Ƙofar Mata, kuma tun shekarar 1498 ake rini a wurin. Mafi yawan jama'a ko ɗaga kai ba sa yi. Mai a-daidaita-sahu na neman fasinja, ɗan dako na gaggawa da dila a ka zuwa Kantin Kwari, mai jinya na sauri da kwanon abinci. A bayan katangar kuwa rijiyoyin rini ne sun fi ɗari, bakunansu a jere. Da yawansu ƙasa da shara sun cike su. Kaɗan ne ke da ruwan baba a ciki, an kife su da murfi, kuma waɗannan ƴan kaɗan su ne suka hana a ce sana'ar ta mutu a birnin da ya taɓa tufatar da mutanen Sahara.

Ni ba Bakano ba ne. Mutumin Isawan ne, a ƙasar Mayahi ta jihar Maraɗi, kuma a gidanmu babu wanda ya taɓa riƙe muciyar rini. Duk da haka ina da bakin magana a kan wannan marina, don sana'a da mai saye take tsayuwa, kakanninmu kuwa suna cikin masu sayen. Kakata ta wajen uwa tana da wani baƙin zane da ba ta ɗaura shi sai ranar suna ko ranar salla. A adudu take ajiye shi, can ƙarƙashin sauran kaya, a naɗe cikin takarda. In ta warware shi sai ya ɗauki ido. Baƙi ne ƙirin, amma da rana ta taɓa shi sai ka ga wani ja-ja na walƙiya a cikinsa, kuma duk jikan da ta runguma a ranar sai ya tashi da shuni a kumatu. Ba ta wanke shi, don wanki na tafiya da ƙyallin. Ta ce daga Kano aka kawo shi cikin kayan aurenta. Ita kanta ba ta taɓa taka Kano ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Shekarar 1498 da ke jikin ƙofar marinar ta faɗo ne a ƙarshen zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Shi tarihin Kano ya ce ya gina Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa har ta kai Ƙofar Mata. Birni ya buɗe, kasuwa ta kafu, fatake na shigowa daga Borno da Abzin, to ba abin mamaki ba ne masu rini su samu wurin zama a bakin sabuwar ƙofa. Rini dai tsohuwar sana'a ce a duk ƙasar Hausa. Waliyyin Katsina na ƙarni na 17, Ɗan Marina, daga gare ta ya samo sunansa, Sakkwato ma tana da unguwar Marina. Sai dai rijiyoyi masu zurfi irin waɗanda muke gani yau sun zo ne daga baya. Philip Shea, Ba'amurken da ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, a kan wannan sana'a ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1975, kuma ya nuna cewa da fari a manyan tukwane ake rini. Abin da ya sauya al'amarin shi ne laso.

Idan ruwan rini ya gama aikinsa, akwai laka da ke kwantawa a gindi. Ita ake kwasowa a dunƙule, a shanya, a ƙone, ta zama katsi. A haɗa katsin da gashin da majema suka kankare daga fata, a kwaɓa da ruwan dafara, sai ya zama simintin gida wanda ruwa ba ya ratsawa. Da shi aka samu damar haƙa rijiya mai zurfi a shafe cikinta, ta ɗauki ruwa ninkin-ba-ninkin abin da tukunya ke ɗauka, ta yi shekaru ba ta tsage ba. Marini guda ya iya rina kaya masu yawa a lokaci ɗaya, farashi ya sauka, kasuwa ta faɗaɗa. Magina ma suka ɗauki lason suna shafe rufin soraye da shi. Ni dai a duk labarin rini babu abin da ya fi wannan burge ni. Abin da marini zai zubar da abin da majemi zai zubar aka haɗa, ya ɗaga sana'ar gaba ɗaya, ba a sayo ko allura daga ƙetare ba. Ƙiyasin da masana ke kawowa daga binciken Shea shi ne, a ƙarshen ƙarni na 19 ƙasar Kano na da rijiyoyin rini tsakanin 15,000 da 20,000, da masu rini wajen 50,000. Galibinsu ma ba a cikin birni suke ba, suna garuruwa irin su Kura da Bunkure da Dal.

A watan Janairun 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya gangaro daga Abzin tare da ayarin gishiri, ya sauka a Tasawa. Ya zaga gari ya ga marina, ya ƙirga rijiyoyi 14 a kan wani dandamalin ƙasa, ya rubuta cewa kaya kan yi kwana ɗaya zuwa bakwai a ciki gwargwadon launin da ake so. Ke nan a ƙofar gidanmu ma ana rini a lokacin. Daga Tasawa ya bi ta Gazawa da Katsina, ya shiga Kano a farkon Fabrairu, can ne ya ga uwar sana'ar. A lissafinsa, tufafin da Kano ke fitarwa a shekara ba su kasa na wuri 300,000,000 ba, alhali iyali guda kan rayu cikin wadata da wuri 50,000 zuwa 60,000 a shekara, har da sutura. In ka raba, abincin gidaje 5,000 ke nan ko fiye. Ya ce kayan na kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus, kuma na Tambutu sai sun zagaya ta Gat da Gadamas, sun ratsa hamada sau biyu, a hakan ma da riba.

Mu muna tsakiyar wannan hanya. Ayari kan ɗauko gishiri da dabino daga Bilma da Fashi, ya gangaro kudu bayan kaka, a ba da gishiri a karɓi hatsi a Damargu da ƙasashen Tasawa da Mayahi. Raƙuma su ci kara a gonakinmu su bar mana taki. Daga nan wasu su zarce Kano da Kura su sayo turkudi da alasho. Wannan baƙin ƙyalle da ake kira ɗan Kura ba a yinsa da gaggawa. Ƙyallaye ne sirara masu faɗin yatsa, a saƙa su, a ɗinke su ɗaya bayan ɗaya, a rina a sake rinawa har su ƙi karɓar ƙari, sannan a barbaɗa garin shuni a buge da guduma har ƙyalli ya fito. Saurayin Buzu ba ya shiga sahun manya sai an naɗa masa rawani, matan Abzinawa da na Fulani da namu kuwa shunin da ke zuba a fata shi suke so, ado ne a wurinsu.

Wata safiya, bayan na gama sayayyar da ta kai ni Kwari, na tsaya a bakin rijiyar wani dattijo a Ƙofar Mata. Warin wurin ne ke fara tarbar mutum, wari mai tsami da kauri da ke kama maƙogwaro. Dattijon na zaune a kan ƴar kujera dab da bakin rijiya, da safar roba a hannu, amma farcensa da gwiwar hannunsa sun riga sun zama na shuni. Ya kawar da kumfar da ke sama, mai ƙyallin jan ƙarfe, ya nutsa ƙyalle yana murza shi a ƙarƙashin ruwa, ya ɗago ya matse ya buɗe. Ƙyallen ya fito kore-kore. Ina tsaye ina kallo koren ya fara duhu daga gefe, ya ci zuwa tsakiya, kafin mu gama gaisawa ya koma shuɗi. Iska ce ke yin wannan aiki. A cikin ruwan toka da ya ruɓa, baba kan narke ya shiga cikin zare, da ya sha iska sai ya kama, ba ya sake fita da sauƙi. Shi ya sa rini tsomawa ne da ɗagawa, a maimaita a maimaita. Shuɗi mai haske ba ya daɗewa, baƙi kuwa sai an yi sa'o'i ana abu ɗaya.

Da na ce masa, Baba, daga ƙasar Mayahi nake, sai ya ɗago ya dube ni da kyau, ya tambayi mutanen Nijar da damina, ya ce a zamanin mahaifinsa Buzaye ne manyan masu sayen baƙi. Ya nuna mini abin da ke shiga rijiya: ruwa, toka, busasshen baba, kanwa. Babu wuta, babu inji. A haɗa a rufe, a riƙa motsawa da doguwar muciya, a jira makonni kafin ruwan ya nuna. In ya nuna da kyau yakan yi watanni yana aiki, har shekara. Ruwan rini kamar kindirmo yake, rai gare shi, in ba a kula da shi ba ya lalace, kuma marini da hanci da ido yake gane lafiyarsa. A gefe ɗakin bugu yake. Maza na zaune gaba da gaba, gungumen itace a tsakaninsu, guduma na sauka bi da bi a kan ƙyalle, sautin na fita har titi. Zanen da ke jikin kayan kuwa, irin su wata da tauraro, aikin mata ne a cikin gida. Su ke ƙulle farin ƙyalle da zare kafin a kawo shi bakin rijiya, kuma baƙon da ya zo kallo ba ya ganinsu.

Faɗuwar sana'ar ba dare ɗaya ta zo ba. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta, kafin shekara ashirin noman baba a Indiya, wadda ke cika kasuwannin Turai da shi, ya durƙushe. A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano, Faransa ta riƙe namu ɓangaren, tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji ana kafa alamun iyaka, hanyar da kakanninmu ke bi ba tambaya ta koma hanyar duwan da kwastan. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, fuskar ciniki ta juya daga hamada zuwa teku, akoko da atamfar Ingila suka cika rumfuna, gyaɗa ta cinye gonakin auduga da baba. A Abzin kuma yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar da Faransa ta yi sun tarwatsa jama'a da raƙumansu. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 suka zo suka ƙarasa dukiyar makiyaya. Wanda garkensa ya ƙare ba ya sayen alasho, abin da ya samu a kasuwa shi zai naɗa.

Galura ta zo da launi kala-kala, ana dafa ta a duro, aikin makonni ya koma na sa'a guda. Masaƙun zamani suka buɗe a Kaduna tun 1957, da kuma a Kano, su ma daga baya kayan Sin suka rufe yawancinsu. A 2015 masu rinin Kano suka fita zanga-zanga har fadar sarki a kan kayan Sin, kuma galibin waɗanda suka fita masu rinin shadda da galura ne. Wato har waɗanda suka gaji kasuwar baba wuta ta iso gemunsu.

Marinar ƙauye ita ta fara tafiya. A gefen garin dangin mahaifiyata akwai wani tudu mai farar toka da ba ya fitar da ko ciyawar kirki. In iska ta share yashi sai ka ga da'irori a ƙasa, bakunan rijiyoyi ne da lasonsu. Muna yara a nan muke wasan langa. Tsofaffi na ce wa wurin marina, amma a cikinsu babu wanda ya ga ana rini da idonsa, sai dai ya ji a bakin iyaye.

To me ya raya Ƙofar Mata, dubbai suka mutu? A ganina bakin titi ne. Hanyar da ta kawo kayan da suka kashe marinar ƙauye ita ce ta kawo wa ta birni baƙi. Filin jirgin saman Kano ya kasance yana karɓar jirage daga Turai, kuma a shekarun 1970 da 1980 masu yawon buɗe ido kan ratso Sahara da mota, ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram, su sauke gajiya a Kano. Duk wanda ya zo akan kai shi Gidan Makama, da Kurmi, da Dutsen Dala, da ƙofar Gidan Rumfa, sannan a tsaya a marina, don ga ta a kan hanya, ba sai an nema ba. Masu rinin suka karanci sabon mai saye. Suka rage baƙin Buzaye, suka ƙara riguna da mayafan tebur da zannuwan gado masu zane, abin da baƙo zai iya sa wa a jaka. Akwai masu raina wannan, suna cewa sana'ar sarakuna ta koma tallar tsaraba. Ni ban raina ba. Da ba su yi haka ba da tuni an cike rijiyoyin an jera shaguna, don fili a wannan unguwa ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Amma wanda ya dogara da baƙo, ranar da baƙo bai zo ba sai ya kwana da yunwa. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar a shekarun 1990 suka toshe hanyar Sahara. Hare-haren 20 ga Janairun 2012 a Kano suka kori sauran masu zuwa, annobar korona ta 2020 ta rufe abin da ya rage. Rijiyoyi suka yi ta cikewa, ƴaƴan gidan rini suka kama tuƙin a-daidaita-sahu ko tsaron shago. Mu ma da za mu iya kai ciniki, an rufe iyakar Nijar da Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har cikin 2024.

Farfaɗowar da ake gani yanzu ta hanyoyi biyu ta zo, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta farko ita ce ta gyaran wuri: katanga, ƙofa, daɓe, yashe wasu rijiyoyi. Sunan Kano ma ya ƙara fita. Tun 2007 ganuwar birnin da wuraren da ke tare da ita ke cikin jerin da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO, a Disambar 2024 kuma hukumar ta sanya hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ake karewa, kamar yadda ta karɓi tsohon garin Agadas a 2013. Ɗaliban makarantu da ƴan bautar ƙasa sun maye gurbin Turawan da suka daina zuwa. Duk wannan alheri ne.

Ta biyu ita ce ta fi ba ni fata, don ciniki ce. Matasan gidajen rini sun ɗauki waya, suna sa hotunan kayansu a Facebook da Instagram, ana yin oda daga Legas da Abuja da ƙetare. Masu tsara tufafi a duniya sun koma neman rinin da ba na sinadari ba, saboda ɓarnar da ruwan masana'antu ke yi wa koguna. A Japan, yankin Tokushima ya riƙe noman babansa da rininsa na gargajiya har gobe, kayansu kuma da tsada ake sayensu. A Mali, Aboubakar Fofana ya je har Japan ya ƙaro ilimi, ya dawo yana noma baba yana rini da shi, duniya ta san sunansa. Abin da waɗannan ke nema da kuɗi da wahala, a Ƙofar Mata bai taɓa yankewa ba, daga uba zuwa ɗa yake tafe.

Sai dai fenti a katanga ba ya haɗa ruwan baba. Marina na buƙatar manomin da zai shuka baba, da yaron da zai zauna shekaru a bakin rijiya har hancinsa ya koyi aikin, da macen da za a biya ƙullinta da daraja, da mai saye wanda zai dawo baɗi. In babu waɗannan, abin da zai rage shi ne dattijo guda da ake biya ya tsoma ƙyalle a ɗauki hoto. Kasuwanninmu kuma cike suke da shuɗin galura da ake sayarwa da sunan baba, wannan na karya farashin mai gaskiya.

Akwai abin da ke ci mini rai duk lokacin da na bi hanyar Tasawa zuwa Damagaram. A Maijirgi kaburburan Voulet da Chanoine suke, sojojin Faransa biyu da suka ƙone garuruwan Hausa suka karkashe jama'a a 1899, har nasu sojojin suka harbe su a watan Yulin shekarar. An san inda suke, ana nuna wa baƙo. A san wannan tarihi, wajibi ne. Amma ban taɓa ganin allo ko ɗaya a ƙasarmu da ke cewa nan aka yi marina, nan masaƙa suka zauna, nan ayari ke sauka ba.

Don haka kirana ga masu martaba sarakunan Tasawa da Mayahi, da magadan gari, da malaman lakwal: a sa yara su tambayi tsofaffi inda marinar kowane gari take, a rubuta, a kewaye abin da ya rage kafin a yanka shi fuloti. Manoman Isawan da kewaye, baba dangin wake ne, yana gyara ƙasa, a gwada shi a gefen gona ko da kunya biyu ce, a nemi masu rinin Kano a ji farashi. Kai kuma mai karatu, in Allah ya kai ka Kwari sayen kayan salla, ka taka zuwa Ƙofar Mata, ba nisa. Ka shiga ka gaida dattawan, ka sayi zane ɗaya na baba ka kai wa mahaifiyarka ko maiɗakinka, kuma kada ka tsananta wajen neman ragi.